Likitan haƙori mai zaman kansa: maigidan da ya kamata ya zama bara

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san halin da mutum yake ciki sa'ad da ya shiga ɗakin likita. Yakan shiga da kumburarren kunci, ya kwanta bisa kujera, ya buɗe baki, daga nan kuwa ba shi da sauran iko. Ba ya ganin abin da ake yi masa, ba ya iya magana, ba ya iya sanin ko ƙarfen da aka sa masa a baki an dafa shi ko ba a dafa ba. In likita ya ce haƙorin nan na cirewa ne, sai ya yarda. In ya ce huɗu ne suka lalace, sai ya yarda. Da wuya a sami wata sana'a wadda ake miƙa wa mai ita amana irin wannan.

A babban asibiti akwai masu tsaron wannan amana. Akwai darekta, akwai majo, akwai abokan aiki masu shiga da fita, kowa idonsa yana kan aikin ɗan'uwansa. Amma likitan haƙori wanda ya buɗe ɗakin aiki na kansa, watau abin da ake kira kabine, ba shi da kowa a bisa kansa. Shi ne likita, shi ne mai jari, shi ne mai ɗaukar ma'aikata da sallamarsu, shi ne kuma mai yanka farashi. Mutum biyu ko uku ko biyar da ke aiki tare da shi, abincinsu yana hannunsa. To, wa zai tsare majinyaci ranar da gajiya ta kama wannan mutum, ko gaggawa, ko kwaɗayi? Masu binciken hukuma sukan zo ne jifa-jifa, su duba, su tafi. Abin da ke cikin ɗakin kullum, safe da maraice, shi ne irin shugabancin da maigidan ya zaɓa wa kansa. In ya ɗauki ma'aikatansa da majinyatansa a matsayin masu yi masa hidima, ba daɗe ba jima wani zai cutu. In ya ɗauki kansa a matsayin mai yi musu hidima, to, ya kafa wa kansa mai tsaro wanda ba ya barci.

Asalin maganar

Wannan ra'ayi na shugaba mai hidima yana da wanda ya raɗa masa suna a zamanin nan. Wani Ba'amurke ne, Robert Greenleaf, wanda ya yi kusan shekara 40 yana aiki a babban kamfanin tarho na AT&T, inda ya daɗe yana lura da yadda ake horar da shugabannin ma'aikata. Bayan ya bar aiki a 1964, sai ya wallafa wani ɗan littafi a 1970 wanda ma'anar sunansa ita ce bara a matsayin shugaba. Ya ce tunanin ya zo masa ne daga wani labari na marubucin Jamusanci Hermann Hesse. A labarin, waɗansu matafiya suna da bara mai ɗaukar musu kaya da yi musu ƙananan ayyuka. Ranar da baran ya ɓace sai tafiyar ta watse, daga baya aka gane ashe shi ne shugaban ƙungiyar baki ɗaya.

Greenleaf ya bambanta mutum iri biyu. Akwai wanda son mulki ya fara shiga zuciyarsa, sa'an nan in ya ga dama ya yi wa jama'a wani alheri. Akwai kuma wanda son yi wa mutane amfani ya fara shiga zuciyarsa, sa'an nan wannan ya kai shi ga karɓar jagoranci. Ya kuma ba da ma'aunin da za a gwada shugaba da shi, ma'auni mai sauƙin faɗi, mai wuyar cikawa. A dubi waɗanda ke ƙarƙashinsa: shin suna ƙaruwa da lafiya da sani da iya tsayawa da ƙafarsu? A dubi kuma mafi rauni a cikin jama'a: shin sun amfana, ko aƙalla ba a ƙara musu wahala ba?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan magana. Tun kaka da kakanni ake cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa wurinsa yake zubarwa. Ma'anar ita ce girma ɗaukar nauyi ne da jure wa abin da ƙananan ba za su iya jurewa ba. Abin da ya rage shi ne a ga yadda wannan yake a cikin ɗakin da ake cire haƙori, domin a can maganar takan tashi daga wa'azi ta koma batun jini da ƙarfe.

Abin da ya faru a Tulsa

A watan Maris na 2013, hukumomin lafiya na jihar Okalahoma a Amurka sun aika wa mutum wajen dubu 7 takarda, suna kiransu su zo a gwada jininsu domin ciwon hanta da cutar sida. Dukansu sun taɓa zuwa wurin wani likitan tiyatar baki mai zaman kansa a birnin Tulsa, mutumin da ya fi shekara 30 a cikin sana'ar. Abin da ya tayar da bincike shi ne wani majinyaci da aka samu da ciwon hanta nau'in C, alhali babu wata hanya da aka san ya bi ya ɗauko shi.

Da masu bincike suka shiga, sai suka tarar da kayan aiki masu tsatsa, waɗanda aka ware domin majinyatan da aka san suna da cuta mai yaɗuwa, ana tsoma su cikin ruwan jabel har suka ci. Suka tarar da magunguna waɗanda lokacinsu ya wuce. Suka tarar mataimaka marasa izini suna yi wa mutane allurar barci ta jijiya. Tukunyar tururi da ake dafa kayan aiki a cikinta, wadda ya kamata a riƙa gwada ta kowane wata, an yi shekara 6 ba a gwada ta ba. Daga baya binciken ƙwayar cutar ya tabbatar cewa ciwon hanta nau'in C ya tashi daga wani majinyaci zuwa wani a cikin wannan ɗaki, karo na farko da aka tabbatar da haka a wurin likitan haƙori a Amurka. A 2014 likitan ya ajiye izinin aikinsa.

Abin lura a nan shi ne amsar da ya ba masu bincike sa'ad da suka tambaye shi zancen dafa kaya da ajiyar magani. Cewa ya yi wannan aikin ma'aikatansa ne, shi ba ya sa hannu a ciki. Wannan amsa ita ce tushen ɓarnar duka. Mutumin ya raba gidansa gida biyu: aikin girma nasa, aikin ƙazanta na yara. Bai leƙa ɗakin baya ba, bai koyar ba, bai tambaya ba, su kuwa ba su ga fuskar gaya masa ba.

Shekara guda bayan haka irin wannan ya auku a Ingila. A watan Nuwamba na 2014 aka kira mutum wajen dubu 22 a yankin Notingam su zo gwajin jini, saboda wani likitan haƙori da aka ga ba ya wanke hannu, ba ya sauya safar hannu tsakanin majinyaci da majinyaci. Yaya aka gani? Wani mai tona asiri ne ya ɗauki hoton bidiyo a ɓoye. An soke sunan likitan daga rajistar likitoci a 2016. Gidan da sai da kyamarar ɓoye gaskiya take fita daga cikinsa, lalle gida ne da aka daɗe da rufe bakin kowa.

Hidima ga ma'aikata

Mai karatu zai so ya san abin da ake yi a wannan ɗakin baya da ake rainawa. Kowane awartaki da kowane madubi da ya fito daga bakin mutum, sai an jiƙa shi cikin ruwan magani, a goge shi, a ɗauraye, a busar, a sa shi cikin jaka a liƙe, sa'an nan a dafa shi cikin tukunyar tururi da ake kira otoklab. A Faransa ƙa'idar ita ce zafin digiri 134 har tsawon minti 18. Bayan haka a rubuta rana da lamba a cikin rajista. In aka tsallake mataki ɗaya, sauran sun zama aikin banza. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a cikin busasshen jini bisa ƙarfe, ido kuwa ba ya ganinta.

Wanda ke wannan aiki, galibi, shi ne mafi ƙanƙantar albashi a gidan, sau da yawa mace ce. Lafiyar kowane majinyaci tana hannunta fiye da yadda take hannun likita. A ce ɗakin jira ya cika, likita yana kiran a kawo kaya, tukunya kuwa saura minti goma ta gama. Mataimakiyar da ta saba da tsawa za ta buɗe tukunyar ta miƙa kayan, domin tsoron maigida ya fi mata kusa da tsoron cutar da ba ta gani. Wadda aka koya wa dalilin aikinta, aka kuma nuna mata cewa maganarta tana da daraja, za ta ce: «Likita, a yi haƙuri, kayan ba su dahu ba.» Likitan da ya amsa mata da godiya a gaban jama'a ya sayi tsaron gidansa na shekaru da kalma ɗaya. Wanda ya harare ta kuwa, ba zai sake jin wannan magana ba har ranar da za a kira majinyatansa gwajin jini.

An gwada amfanin ba ƙananan ma'aikata bakin magana. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito da wata takardar bin diddigi domin ɗakunan tiyata. Daga cikin abin da take umurta akwai cewa kafin a fara yanka, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, kuma a ba kowa dama ya faɗi abin da ke damunsa. An gwada ta a asibiti 8 na ƙasashe daban-daban, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga 15 cikin 1.000 zuwa 8 cikin 1.000. Kabine ba ɗakin babbar tiyata ba ne, amma darasin ɗaya ne. Minti goma da safe, kafin a buɗe ƙofa, maigida da ma'aikatansa su tsaya su bi sunayen waɗanda za su zo, a ce wane yana da ciwon sukari, wance tana da ciki, allurar kashe zafi ta kusa ƙarewa, wannan ba ya cin ko dala, amfaninsa kuwa ba ya misaltuwa.

Hidimar ba ta tsaya ga saurare ba. Ma'aikacin da allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soke shi, in ba a yi masa rigakafi ba, haɗarin kamuwarsa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Na cutar sida wajen 3 ne cikin 1.000, kuma akwai maganin kariya wanda dole a fara shan shi kafin awa 72 ta wuce. Saboda haka wajibi ne maigida ya biya wa kowane ma'aikaci allurar rigakafin ciwon hanta, guda 3 ɗin nan, har da mai sharar da ke kwashe kwandon allurai. Wajibi ne kuma kowa ya san cewa in allura ta soke shi, gudu zai yi ya faɗa, ba za a zage shi ba, ba za a yanke masa albashi ba. Wanda ke tsoron faɗa yakan ɓoye, awa 72 kuwa ba ta jiran kowa.

Sai zancen haƙƙi. Albashin ma'aikata ya fita a kan lokaci, kafin maigida ya ɗebi nasa rabo. A rubuta su a asusun ma'aikata yadda doka ta ce. A ba su hutunsu. A tura mataimakiya ta ƙaro ilimi ko da ana tsoron wata rana za ta tafi wani gida, domin wadda ba ta iya ba ta zauna ta fi wadda ta iya ta tafi haɗari. In kuskure ya auku, likita ya tsaya gaban majinyaci ya ɗauki laifin a kansa, gyaran yaro kuma ya bari sai sun keɓe. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma ba a tsakiyar kasuwa ake sasanta su ba.

Hidima ga mai ciwo

Likita mai zaman kansa yana cikin wata jarrabawa da ma'aikacin gwamnati bai cika saninta ba: kowane aiki da ya ce a yi, kuɗinsa aljihunsa zai shiga. Cike ƙaramin kogo kuɗi kaɗan ne. Kashe jijiyar haƙori a ɗora masa hula kuɗi ne masu yawa. Mai ciwo kuwa bai san wanne ya dace da shi ba.

Birnin Marsey na Faransa ya ga inda wannan jarrabawa take kaiwa. Wani likitan haƙori da ya buɗe kabine a unguwannin talakawa na arewacin birnin, tsakanin 2006 da 2012, ya kashe jijiyar lafiyayyun haƙora wajen 3.900 a bakin mutum fiye da 300, domin ya ɗora musu haƙoran ƙira waɗanda asusun lafiya na ƙasa yake biyan kuɗinsu. Da yawa daga cikinsu sun shekara da shekaru cikin ciwo da ruɓewar dasashi, waɗansu har kunyar buɗe baki suke yi a cikin mutane. A watan Satumba na 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 8, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2023. Mutanen da ya zaɓa su ne ainihin waɗanda Greenleaf ya ce a auna shugaba da su: marasa ƙarfi, marasa sanin hanyar kai kuka.

Sana'ar tana da nata mutanen kirki da ake koyi da su. A shekarun 1920 wani matashin likitan haƙori Ba'amurke, Lindsey Pankey, ya sami wasiƙa daga mahaifiyarsa tana ba shi labarin baƙin cikin da ta shiga bayan an cire mata haƙoranta. A zamanin, cirewa ita ce maganin kusan kowane ciwo. Sai ya ɗauki alkawari zai ba da rayuwarsa ga ceton haƙora maimakon cire su, ya kuma riƙa koya wa likitoci cewa sai sun san mutumin da ke bisa kujera kafin su san haƙorinsa. Akwai cibiyar horar da likitoci mai sunansa a jihar Fulorida. Tun kafin shi, a 1728, Bafaranshe Pierre Fauchard, wanda ake kira uban likitancin haƙori na zamani, ya buga littafinsa a Paris ya bayyana dabarunsa duka, a lokacin da masu sana'ar suke ɓoye iliminsu kamar laya domin kada wani ya raba su da kasuwa.

A aikin yau da kullum, hidima ga mai ciwo abu ne da ido ke gani. Likita ya nuna masa hoton radiyo ko madubi, ya bayyana masa ciwon da harshen da yake ji. Ya gaya masa hanyoyin da ke akwai, mai tsada da mai araha, da abin da zai biyo bayan kowace. Ya faɗi kuɗin kafin ya fara aiki, kada sai an kashe wa mutum baki da allura a soma ciniki. In aikin ya fi ƙarfinsa ya tura shi wurin wanda ya fi shi. Babban mutum haƙori 32 gare shi, wanda aka cire kuwa ba ya sake tsirowa, don haka duk wanda za a iya ceta sai a cece shi. Ya kuma ɗauki minti biyu ya koya wa mutum goge baki safe da dare da rage sukari, ko da ya san cewa mai jin wannan shawara zai daɗe bai dawo ba.

Ga masu cewa kasuwa ce

Akwai masu ja da wannan magana, hujjarsu kuwa ba ta wofi ba ce. Sukan ce likitan nan bashi ya ci ya sayi kujera da injin radiyo, kayan aikinsa duka daga waje ake kawo su, ga kuɗin haya, ga na wuta, ga haraji. In ya zama bara, wa zai biya banki? Sukan ƙara da cewa maigidan da ya cika sanyi, yaransa kan hau kansa.

Amsar farko ita ce hidima ba ta hana lissafi. Kabine da ya karye bai amfani kowa ba, ma'aikata sun rasa abinci, unguwa ta rasa likita. Dole maigida ya san shigarsa da fitarsa, ya yanka farashin da zai riƙe gidan, ya liƙa shi a bango inda kowa zai gani. Abin da aka hana shi ne ya cike giɓin aljihunsa da haƙoran da ba su da laifi, ko da safar hannun da aka wanke aka sake sawa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, askin kuma ya zama na gaskiya.

Amsa ta biyu ita ce hidima ba sanyin hali ba ce. Ma'aikacin da aka koya masa, aka ba shi kayan aiki, aka gargaɗe shi sau ɗaya sau biyu, ya ci gaba da tsallake dafa kaya, sallamarsa hidima ce ga majinyata da sauran ma'aikata. Bambancin shi ne maigida mai hidima yakan fara da tambayar kansa ko ya ba yaron abin da yake bukata, sa'an nan ya yi hukunci. Kuma dokar da ya kafa, shi ne na farkon bin ta. Wanda ya ce a zo ƙarfe takwas ya iso ƙarfe goma, bakinsa ya mutu.

In kuma ribar ake so a auna, a auna ta da tsawon zamani. Mataimakiyar da ta yi shekara goma a gida ɗaya takan miƙa ƙarfe tun likita bai buɗe baki ba, abin da masu sana'ar ke kira aikin hannu huɗu. Gidan da ake sauya ma'aikata kowace shekara kullum cikin koyar da baƙo yake. Majinyacin da aka gaya wa gaskiya cewa haƙorinsa ba ya bukatar aiki mai tsada, shi ne mai kawo matarsa da ƴaƴansa da maƙwabcinsa. Likitocin Tulsa da Marsey sun tara dukiya, ƙarshensu kuwa an ji shi.

Wani abu da akan manta shi ne lafiyar likitan kansa. Aikin sunkuyo ne, ciwon baya da na wuya ya yi yawa a cikin masu yin sa. Wanda ya ga mutum fiye da ƙarfinsa a yini ɗaya, hannunsa yakan yi nauyi, haƙurinsa ya ƙare. Rage yawan randebu da raba aiki ga waɗanda aka horar, wani ɓangare ne na hidimar.

Inda likita ya yi ƙaranci

Rahoton OMS na 2022 ya ce kusan mutum miliyar 3 da rabi a duniya suna fama da cututtukan baki da haƙori. A yankin Afirka na hukumar, tsakanin 2014 da 2019, likitan haƙori wajen 3 ne ga kowane mutum dubu 100, watau kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. Inda abin yake haka, kamar a Nijar, mai ciwo ba shi da zaɓi mai yawa. In likita ɗaya ya wulakanta shi, ba lalle ne ya sami na biyu ba, sai ya koma ga mai cire haƙori a bakin kasuwa da awartakin da ya shiga baki goma tun safe. Ƙarancin likitoci yana ƙara wa kowane ɗaya iko, nauyin amanarsa kuma yana ƙaruwa daidai da ikon.

A irin wannan wuri, ma'aunin Greenleaf na ƙaruwar waɗanda ke ƙarƙashin shugaba ya zama zancen rai da mutuwa. Cutar noma, wadda ke cin baki da fuskar ƙananan yara masu fama da tamowa, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, tana farawa ne da ciwon dasashi wanda magani mai araha ke tsayar da shi. In aka bar ta, takan kashe har 9 cikin 10. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta buɗe cibiyar kula da masu ita a Damagaram a shekarun 1990, OMS kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Likita ɗaya ba zai leƙa bakin kowane yaro ba. Amma mataimakiyar da ya koya wa gane dasashi mai jini da wari, ita ma tana da unguwa, tana da dangi a ƙauye, tana zuwa suna da biki. Ilimin da ya zuba mata yana shiga gidajen da shi ba zai taɓa takawa ba.

Abin da ya rage ga kowa

Ma'aikatan hukuma masu ba da izini da masu bincike, kada su tsaya ga takardar shaidar da ke rataye a bango. Su wuce ɗakin baya, su buɗe rajistar tukunya, su tambayi mataimakiya ita kaɗai ko an yi mata rigakafi, ko albashinta yana zuwa, ko ta taɓa hana likita amfani da kayan da ba su dahu ba, da abin da ya ce mata. Makarantun da ke horar da likitoci su koya musu riƙon mutane kamar yadda suke koya musu riƙon ƙarfe, domin da yawansu wata rana za su zama masu gida.

Mai ciwo shi ma yana da ido, yana da baki kafin a buɗe shi. Ya lura ko a gabansa aka yage jakar kayan aiki. Ya lura ko likita ya sa sabuwar safar hannu. Ya tambayi kuɗi, ya tambayi dalilin aikin, ba rashin kunya ba ne. Ya kuma kasa kunne ya ji yadda maigida yake magana da yaransa, domin yadda ake riƙon su a gabansa, haka ake riƙon kayan da za a sa masa a baki a bayan idonsa.

Likitan kuma, gobe da safe kafin ya sa farar riga, ya shiga ɗakin baya ya gai da mai wanke ƙarfe, ya tambaye ta abin da ta rasa da abin da take so a gyara. In ta yi shiru, ya sake tambaya jibi. Ranar da ta saki jiki ta gaya masa kuskurensa, ya san gidansa ya fara zama wurin da mutum zai kwanta ya buɗe baki hankalinsa kwance. Allah ya sa a gyara.